Rotar da Aka Binne da Pa

Duk yamma, kafin ya shiga gida, Pa, wato babanmu, yakan ɗaga bonet ɗin motarsa, ya buɗe murfin distiributa, ya zare rota ya jefa a aljihun wando. Rotar nan ba ta fi babban yatsa ba, baƙar roba ce mai ɗan harshen tagulla, amma ita ke juyawa tana raba wa fulogi huɗu wuta. In babu ita, motar ba ta da maraba da kujerar falo. Maganin ɓarayi ne, in ji shi. A iya sanina babu ɓarawon da ya taɓa ɗaga ido ya kalli Morris Minor ƙirar 1962 a duk faɗin tsibirin Penang, kuma wannan ita ce hujjar Pa cewa dabarar tana aiki.

Da ya rasu, yayata Siew Gaik ce ta haɗa kayan da za a sa masa a akwatin gawa: tabarau, haƙoran roba, agogo, da wani ɗan baƙin abu da ta tsinta a aljihun wandonsa. Ta ɗauka laya ce. Ta naɗe ta a jan ƙyalle ta sa masa a hannun dama, aka rufe akwati, aka kai shi kan tudu aka zuba ƙasa. Ita ta koma Singapore bakin aikinta, hankali kwance, ta sauke nauyi. Ni aka bari da Mak, mahaifiyarmu, da motar.

Rigimar daga kayan takarda ta taso. A mako na bakwai za mu ƙona masa abin da zai yi amfani da shi a lahira, duk na takarda, kamar yadda kowa ke yi: gida mai bene, barori biyu, akwatin tufafi, da mota. Yawancin mutane Marsandi suke sa a yi, ko da mamacin keke ya hau har ya mutu. Mak ta ce ba da ita ba.

"Ubanka bai iya mota mai canja giya da kanta ba. Tasa za a yi masa."

"To a yi masa tasa. Bari in kira Ah Looi ya zo ya duba ta."

Ah Looi shi ne mai aikin gora da takarda a unguwarmu. Ka nuna masa abu, ya zana, ya haɗa maka irinsa don ƙonawa.

"Ba zai taka gidan nan ba sai ta tashi," in ji Mak.

"Takarda fa zai yi, Mak. Ina ruwan takarda da tashi?"

"Abin da ya gani shi zai kwafa. In matacciya ya kwafa, matacciya za ta isa. So kake ubanka ya yi ta turin mota a can da wannan gwiwar tasa?"

Tarihi na karanta a jami'a, na kuma daɗe ina koyar da shi ga yaran da ba su roƙe ni ba, amma ban taɓa cin karo da wannan dokar ba. Na tambayi masu kula da ɗakin ibada, suka ce su ma a bakina suka fara ji. Sai dai Mak ta yi mafarki. Ta gan shi a ƙafa, a bakin wata hanya marar inuwa, yana ɗingishi motoci na wuce shi. Tun daga ranar ta daina barci. Takan ajiye kujerar roba kusa da motar a rumfar gaban gida ta zauna, da safe in same ta yadda na bar ta, ido biyu. Ta haura tamanin. Likita ya ba da ƙwaya, ta karɓa da godiya ta zuba a gwangwanin maɓallai. Ya ja ni gefe ya ce zuciyar tsohuwa ba ta jure irin wannan da daɗewa, yana kallona kamar ni na hana ta kwanciya.

Na ɗauka aikin wuni guda ne. Ban san komai a inji ba, don Pa bai taɓa barin kowa ya leƙa ƙarƙashin bonet ɗin nan ba sai wani bakanike abokinsa, wanda ya riga shi tafiya tuntuni. Abin da na sani shi ne abin da duk wanda ya taɓa zama da Pa a shagon kofi ya sani: motar nan ta Ingila ce tsantsa, daga fitila har bututun hayaƙi, babu ko noti ɗaya na Japan a jikinta. Yana ɗan shekara shida sojojin Japan suka shigo layinsu suka tafi da wansa, ba a sake ganinsa ba. Daga nan Pa ya yanke hulɗa da ƙasar gaba ɗaya. Rediyo ne, fanka ce, agogo ne, sai ya juya abu ya karanta bayansa kafin ya shigo gidanmu.

Na fara kiran bakaniken da ke duba tawa motar. Ya zagaya Morris da na'urarsa a hannu yana neman inda zai soka waya, bai samu ba, ya ɗauki hoto da motar ya tafi. Kafin ya fita ya ce in gwada Tauke Saw mai shagon kayan mota a tsohon gari, in yana raye.

Yana raye. Ɗansa ya cika gaban shagon da turaren mota da rigar sitiyari, ya tura uban can ƙurya tare da kwalayen da babu mai tambaya.

"Cikgu," ya ce, don haka ake kiran duk wanda ya taɓa riƙe alli a garin nan. "Ɗan Swee Lye ne kai, ko? Na ji labari. Mutumin kirki, sai dai rabonsa da sayen ko noti a nan tun ina da gashi. Me kake so?"

"Rota. Ta Morris ɗin."

"Ina tsohuwar rotar? Ni ba a zuwa mini da baki, da tsohuwar ake zuwa."

"Tana hannunsa."

"Hannun wa?"

"Pa."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. "To shi kam ya fi ka shiri," ya ce, ya jawo tsani.

Rotar da ya ba ni sabuwa ce fil, a kwalinta da ya koma rawaya. A gida na zura ta a kan sandan distiributa, ta shiga, amma tana rawa kamar hular uba a kan jariri. Na koma. Tauke Saw ya ce ai Morris iri biyu ce, ya manta ne, tsufa. Ya sake hawa tsani. Ta biyun ko shiga ba ta yi ba. Na danna da tafin hannu har ya yi ja. Mak na kan kujerarta tana kallona.

Sai na yi abin da ɗan boko ke yi in gida ya gagare shi, na aika Ingila. Na rubuta sunan motar da shekararta da lambar jikinta, na biya kuɗin gaggawa, na zauna jira. Kayan suka iso cikin akwati mai kyau, an naɗe su da farar takarda, har da katin godiya. Na buɗe, sai ga irin ta farkon da Tauke Saw ya ba ni, sak, bambancin kawai wannan ta sha iskar jirgi.

Ranar Siew Gaik ta kira.

"Har yanzu? Ah Hoe, abu kamar yatsa ya gagare ka?"

"Abin da ya yi kama da laya, eh, shi."

"Kar ka fara. Wa ke yawo da kayan mota a aljihu in ba Pa ba? Ka kunna mata ƙarar inji a waya mana, ka ɓoye a ƙarƙashin bonet. Ai ba ta ji sosai."

"Ni ne ba ta ji. Motar nan tana jin ta tun daga kwanar kasuwa, ta ɗora ruwan kofi kafin ya iso."

"To ka yi wani abu. Muryarta jiya kamar daga rijiya."

Na gode mata da shawara. Daga Singapore komai kusa yake.

Gaskiyarta kuwa. Mak ta zabge. Ta zuba gishiri a kofi ta shanye ba ta lura ba. Sau biyu ta kira ni da sunan Pa. Wata safiya ta miƙe daga kujerar sai ƙafafunta suka ƙi, na tare ta, na ji nauyinta bai fi na buhun busasshen kifi ba. Ah Looi kuma ya aiko cewa in ana son mota a kan lokaci, to ya gan ta cikin makon nan, don gam ba ya bushewa da damina.

Tunda tsohuwar rotar tana inda ba a aike, na ɗauko sabulun wanki na danna shi a kan sandan, ya fito da siffarsa: zagaye, gefe ɗaya a shafe. Ramin rotocin da na tara duk zagaye ne cif, da ɗan haƙori a ciki. Na kai wa Tauke Saw sabulun. Ya juya shi, ya kai shi kusa da fitila, har ya shinshina.

"Wani ya ci sandan nan da magagari," ya ce. "Morris ba ta zuwa haka. Ka cire haƙorin rotar, ka cusa ɗan gwangwani a gefe, za ta zauna."

"Ko dai ba na Morris ba ne?"

"Motar Swee Lye? Cikgu, ka rufa wa kanka asiri. Mutumin da ya taɓa fita daga shagon nan don ya ga kwalin Japan a kan kanta."

Na ji daɗin amsar, don ni ma ita nake so. Na sayi magagari. Ta Ingilar na fara ci, don ita ta fi ba ni haushi, ta tsage biyu a hannuna. Ta Tauke Saw ta zauna da gwangwanin, na murza makulli, injin ya juya, ya juya, ya yi wata ƙara kamar an taka ƙwai. Na buɗe na kwashe gutsattsarin roba da ɗan yatsa.

Washegari na nemi izini a makaranta, na haye gada zuwa Prai, inda 'yan gwangwan suke. Na shiga fili uku ana nuna mini na gaba, har na ƙare a wajen wata mata mai suna Ponnammal, wadda ta gaji filin daga mijinta. Tana zaune a kan kujerar bas da aka ciro, tana kallon fim a ƙaramar talabijin, ruwa na dukan kwanon rufi.

"Akka, rota nake nema," na ce. Akka yaya ce a yarensu.

Ba ta tambaye ni ta wace mota ba. Ta nuna bokitan fenti biyu da ƙafa. "Wancan na Turawa, wannan na Japan. Duba da kanka, bayana ba ya son sunkuyo. Sabulun na mene ne? Ba a wanka a nan."

Na juye bokitin Turawa a kan buhu na tsuguna. Rotoci ne fiye da yadda na zaci duniya na buƙata, baƙaƙe da jajaye, dogaye da gajeru, wasu da gizo-gizo a ciki. Ina ɗauka, ina kara raminta da na sabulu, ina jefawa gefe. Ruwa na ɗiga a wuyana ta wata huda. Gwiwoyina suka fara yi mini irin maganar da na Pa suke yi masa. Da na kai ƙasan tulin, sai na sake bi daga farko, don kar a ce ban yi ƙoƙari ba.

"Ga ɗayan nan," in ji Ponnammal, idonta a kan fim.

"Ba za ta kasance a ciki ba."

"To kar ka duba. Ni dai in fim ɗin nan ya ƙare zan rufe."

Na zauna a ƙasa. Aƙidar Pa na gada ba tare da na taɓa dubawa ba, kamar yadda na gaji hancinsa, amma gajiya takan sassauta wa mutum aƙida. Na jawo bokitin Japan, na zura hannu ba tare da na juye ba. Ta farkon da ta zo hannuna ramin zagaye ne, gefe ɗaya a shafe. Ta biyu ma haka. Na juye bokitin, kusan rabinsa irinta ne.

"Wannan ta mece ce, Akka?"

Ta ɗan leƙo. "Datsun. Tasi, motar burodi, motar kifi. Ɗauki biyu, sun ishe ni."

Ƙasa da kuɗin kwanon taliya na biya. A kan gada na tuna da katin godiyar nan na Ingila.

Da na isa gida ban fara sa ta ba. Na ɗauko cokali na kankare koren fentin da ke kan wani ɗan faranti a jikin distiributa. Rubutun ya fito tsaf: ƙirar Japan. Na bi gefen injin na kankare wani wurin, nan ma haka. Injin gaba ɗaya na Datsun ne. An shafe shi da koren Morris, shafa mai kyau, har lungunan da ido ba ya kaiwa, an kuma ciro tambarin Morris daga tsohon injin an kafa a kan murfin wannan. Na san aikin hannun Pa, don haka yake fentin ƙofar gida, ba ya barin ko ɗigo.

Rotar ta zauna ɗaram, kamar daga nan aka ciro ta. Na rufe murfi, na sa batirin tawa motar, na murza. Ta yi tari, ta sake tari, ta watso baƙin hayaƙi a kan tukwanen furen Mak, sannan ta kama.

Mak ta miƙe da kanta. Ta ɗora tafin hannu a kan ƙarfen da ke rawa, ta tsaya haka. Na jira kuka, bai zo ba.

"Kira Ah Looi," ta ce.

Da safe ya zo a babur, da fensir a bayan kunne da ma'auni a aljihu. Na tayar da motar tun kafin ya shigo, na bar bonet a rufe, na jingina da shi kamar mai hutawa. Shirina ke nan gaba ɗaya: ya auna waje, ya zana, ya tafi. Ya auna tsawo da faɗi, ya zana fitilu, ya kwafi lamba, ya tambaya ko a sa direba na takarda.

"Shi zai tuƙa," in ji Mak. "Ah Hoe, buɗe masa ya ga injin."

"Ah Ee, ba a yin inji," in ji Ah Looi, don haka yake kiran Mak, wato inna. "Ciki fanko ne, gora ce kawai. Babu wanda ya taɓa dawowa ya yi ƙorafi."

"Nasu mazajen ba su san mota ba. Buɗe."

Na buɗe. Na yi niyyar tsayawa ta gefen da na kankare, amma Ah Looi gajere ne, ya shiga ta ƙarƙashin hannuna. Ya sunkuya, ya karkata kai, sai fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan ajinsu.

"Kai, wannan ai injin tsohuwar motar kayana ce. Datsun. Ba ya mutuwa, sai dai ka gaji da shi ka sayar." Ya ɗago yana dariya, ya ga fuskata, ya ga ta Mak, dariyar ta tsaya a hanya. Shi ma ya sha zama da Pa a shagon kofi.

Injin na ta bugawa a hankali. Na matsa kusa da Mak, don in ta faɗi in tare.

"Shekarar da ka tafi jami'a," ta ce, ba ni take kallo ba, "ya ce ya kai ta fenti. Wata guda ta yi. Ta dawo da launinta na da. Na ce ina fentin? Ya ce na ciki ne." Ta gyara tsayuwa. "Ni kuwa ina nan tsaye a kan tukunya ina gadin shinkafa kar ta kama. Duk matan layin nan sun sayi ta lantarki, su danna su tafi hira. Ni an ce ta Japan ce."

Ah Looi ya cire fensir daga kunne ya mayar. "Ah Ee, in kina so sai in yi masa na Ingilar. Ina da hotonsa a wani wuri. Takarda ba ta gardama."

"Wanne ne ke tashi?"

"Wannan."

"To shi za ka yi." Sannan ta ƙara, "Ka shafa masa koren sosai. Wansa na can, kar ya gani."

Ah Looi ya zana injin, ya zana har wayoyin fulogi, ya karɓi ragowar gwangwanin fentin da na samo a bayan gida don ya dace da launi, ya hau babur ya tafi. Na kai hannu zan kashe motar.

"Bar ta," in ji Mak. Ta buɗe ƙofar baya ta shiga, ta ɗora jakarta a cinya. "Kai ni in sha iska."

Ban taɓa tuƙa ta ba. Sitiyarin da nauyi, giya ta biyu sai an lallaɓa, burki kuma sai ka taka ka jira ya yi shawara. Na fita layinmu da ƙyar, na bi ta kasuwa, na kama hanyar bakin teku. Yara a kan babura suna ɗaga mana hannu. Na duba madubi in tambaye ta ina take so mu nufa, sai na ga kanta ya jingina da gilashi, bakinta a ɗan buɗe. Na rage gudu na saurara. Numfashi take yi, dogo, mai nauyi, har da ɗan minshari.

A jan fitilar Tanjung Bungah na tsaya, ƙarar injin ta sauka, sai ta motsa, girarta ta haɗe. Na ɗan taka totur, ta koma barci. Na gane ke nan.

Ina da aji da rana, na uku, waɗanda ba su san bambancin yaƙin farko da na biyu ba kuma ba su damu ba. Allurar mai ba ta aiki, ban san abin da ya rage a tanki ba. Bayana na ciwo, ban karya ba. Fitila ta koma kore, na bar kwanar gida a hagu, na miƙe hanyar da ke zagaya tsibirin, wadda ba ta da fitilu da yawa.